Bokitin Bakin Ƙofa da Tafiyarmu Birmingham

Da asubar Juma'a muka bar gida, ni da maigida da yaron, ana yayyafin nan na Manchester wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ya gama da shi. 'Yan'uwa da kuka dame ni da tambaya, wai me ya kai ni Birmingham ni da ko Rusholme da ke nan kusa da mu ba na zuwa ni kaɗai, to ga labarin. Ku yi haƙuri da rubutuna, kun san a firamare na tsaya, sai Islamiyya.

Flat ɗinmu a Whalley Range yake, can saman wani tsohon gida da aka yayyanka shi. Matattakalar ta katako ce mai kuka, ga maƙwabta na barci, haka muka lallaɓo da keken yaro kamar marasa gaskiya. Kafin in ja ƙofa sai da na tsallake shuɗin bokitin da ke bakinta. Bokitin nan shi ne dalilin tafiyar, don haka bari in fara da shi.

Maigida digiri na uku yake yi a uni, wato jami'a. Likitan dabbobi ne tun a gida, shanu da awaki ya sani. Da muka zo nan sai bincikensa ya faɗa kan wata ƙwayar cuta da ke kama aladu. Abokansa suna kiransa likitan alade, shi kuwa murmushi kawai yake yi, ya ce cin naman ne haramun, ba sanin ciwonsa ba. Ni ma da fari ban damu ba. Sai wata rana ina tuƙa tuwo yana waya da abokin karatunsa, na ji ya ce ciwon da ƙwayar take sa wa 'ya'yan aladu sanƙarau ne, kuma takan kama mutum, wanda ya tashi ma sau da yawa yakan rasa jinsa. Ban san lokacin da muciya ta suɓuce min ba.

Ƙanena mai bi na, sanƙarau ne ya kurmantar da shi muna yara. Ina tuna yadda wuyansa ya sandare. Ina tuna ranar da ya warke yana zaune a tsakar gida, Inna ta kira shi daga baya bai waiwayo ba, ta sake kira, ta ƙara, sannan ta zauna a ƙasa daɓas. Har yau da hannu muke magana da shi.

Tun daga ranar wayar nan na kafa doka. In maigida ya dawo daga lab, ɗakin bincikensu, a bakin ƙofa zai cire kayansa na waje ya jefa a bokiti, in sheƙa musu ruwan zafi da bilic, shi kuma ya wuce ya yi wanka, sannan ya taɓa yaro. Rigunansa duk sun koɗe, baƙar ta zama ruwan toka, shuɗiyar ta yi dabbare-dabbare. Yaron yakan rarrafo yana ɗaga masa hannu, ni kuma in sure shi. Bayani kam ya yi min ya fi a ƙirga, amma rabinsa Turanci ne, ɗaya rabin kuma da na ji kalmar sanƙarau sai kunnena ya toshe. Kullum da safe kuma sai na ƙyasta yatsu a bayan kunnen yaron, in ya waiwayo sannan in iya karyawa.

Da na gaya wa Inna a waya ba ta yi wata-wata ba, ta ce in kawo mata jikanta gida, in uban ya gama karatun aladunsa ya biyo mu. Na gaya wa maigida na yarda da maganarta. Sai ya ce akwai taro a Birmingham, ranar da masu bincike ke yi wa mutanen gari bayanin aikinsu da harshen da kowa zai gane. Ya ce in bi shi in gani da idona. In mun dawo raina bai kwanta ba, shi da kansa zai kai mu filin jirgi. To kun ji abin da ya fito da ni cikin ruwa.

Doguwar bas muka shiga daga tashar cikin gari, don jirgin ƙasa ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Direban wani dattijo ne Ba'indiye mai rawani da farin gemu. Da kansa ya sauko ya naɗe keken yaron ya sa a cikin motar, ya kuma yi wa yaron wasa da gira har ya yi dariya. A tashar na leƙa wurin mai shayi, na tambayi kofi ɗaya, na juya kuɗin zuwa naira a raina, na ga cefanen yini ne guda a gida. Na koma na zauna. Dama na zo da filas ɗina da dambun nama da burodi. Maigida ya ce in ban daina juya kuɗi zuwa naira ba, a ƙasar nan ko ruwa ba zan sha ba.

Hanya kuwa sai wadda ta gani. Shimfiɗe take sumul, layi-layi, kowa a nasa. Ba rami, ba shingen masu duba takardu, ba mai tallar gyaɗa ko rake da zai biyo ka da gudu. Wannan na ƙarshen har kewarsa na ji. Dama da hagu filaye ne kore shar, an kekkewaye su da shingen ganye, tumaki a ciki ƙosassu kamar an hura su, kowace da ɗigon fenti a gadon baya, shuɗi ko ja. Abin da ya ɗaure min kai, ba makiyayi ko ɗaya. Na yi ta duba inda zan hango mutum da sanda a kafaɗa, babu. Tumakin nan su kaɗai suke kiwon kansu, kuma ba wadda ta fito titi.

Bayan mun wuce garin Stoke sai wata babbar mota ta jera da mu. Jikinta duk ƙarafa ne a jere da 'yan ƙofofin iska, ta cikinsu kuma hanci ne kawai ke leƙowa, jajaye-jajaye, suna motsi. Aladu ne. Tunda nake ban taɓa ganinsu kusa haka ba. Na ja mayafina na rufe fuskar yaron ruf, alhali gilashin motarmu ko buɗewa ba ya yi. Maigida ya gani. Bai yi min faɗa ba, sai ya leƙa su ya ce, “Kin ga, tunda na zo ƙasar nan yau ne na fi kusa da alade.” Na harare shi, a zatona ba'a yake min.

Shigar Birmingham akwai wani wuri da gadoji suka hau kan juna, wata ta bi ta ƙarƙashi, wata ta zagayo ta sama, kamar an juye taliya a faranti. Na rufe ido, na ce direban nan in ya ɓata a nan sai dai jikokinmu su iso. Bai ɓata ba. Muka sauka a tashar Digbeth, muka hau bas mai bene zuwa unguwar Sparkhill.

Stratford Road, babbar hanyar unguwar, ta burge ni ƙwarai. Da ina ganin Wilmslow Road tamu ta Manchester ita ce ƙarshen cika, ashe ƙanwa ce. Shagunan gwal, shagunan kayan amare masu walƙiya, kwalayen mangwaro har bakin titi, kuɓewa da attaruhu da rogo da doya a jibge, ƙanshin gasasshen nama na dukan hanci ta ko'ina. Mata da hijabi suna ta kai da kawo da kekunan yara, ba mai kallon wani. In ba don sanyi da jajayen gidajen bulo ba sai in ce wata unguwa ce a Kano da aka share.

Masaukinmu gidan abokin maigida ne da suka yi karatu tare a Zariya. Shi da matarsa Kiristoci ne, mutanen wajen Kafanchan, Hausarsu tangaran. Matar nas ce a asibiti, ta girme ni sosai, Anti nake ce mata. Tun daga ƙofa ta karɓe yaron ta ce, “Kai, wannan goshin na ubansa ne, ƙanwata ba ki samu komai ba sai wahala.” A ɗakin da ta ba mu na tarar da sabuwar darduma a shimfiɗe da buta a gefe. Ta ce maƙwabciyarta 'yar Pakistan ta kira ta nuna mata alƙibla, don kada ta sa mu sallah muna kallon Scotland. Wallahi abin ya shiga raina.

Maza suka tafi, maigida masallacin Juma'a, abokinsa wurin aiki. Mu kuma muka fita cefane. Ta kai ni wurin mahaucin Musulmi ta ce in zaɓa da kaina. Muka sayi naman tsohuwar tunkiya, ya fi na ɗan rago araha amma kun san taurinsa. A shagon gaba ta ɗauki ɗanyar gwanda guda. Na ce ai na san wannan, Inna takan naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya kwana. Ta ce to tunda na sani ni zan yi, ita za ta je ɗauko yara a makaranta. Sai dai ni da ganye na saba, ban san ƙarfin ɗanyar ba. Na goge rabinta cif har da ƙaron nan fari, na cakuɗe naman, na rufe, na bar shi har yamma.

Da aka dafa aka kawo, nama ya zama fate. Ka sa cokali ya narke. Yaran gidan, masu Turancin Birmingham da ko uwarsu wani lokaci sai ta ce su maimaita, suka yi ta tambaya ina naman yake. Abokin maigida ya ce, “Madam, wannan ai na marasa haƙori ne, ki ajiye min sai na tsufa.” Kowa ya yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage. Maigida ne kawai bai yi ba. Ya ɗaga wani yanki ya zuba masa ido, sannan ya tambayi Anti ko akwai sauran gwandar, da ɗan ɗanyen nama, da ragar da ake zuba albasa.

Abokinsa ya ce, “Ka ji likitan alade, shi komai bincike.”

Anti ta ajiye cokali. Ta ce, “Ka daina yi masa wannan dariyar. Ni aladu ne suka kai ni makaranta.” Ta ba mu labari cewa mahaifinta kiwonsu yake yi a bayan gida, duk lokacin da za a koma makaranta sai ya kai biyu ko uku kasuwa. Wata shekara 'ya'yan da aka yaye suka fara faɗuwa. Ɗan alade zai kwanta ta gefe guda yana ta harba ƙafafu kamar mai tuƙa keke, kafin gari ya waye ya tafi. Haka suka ƙare. A shekarar aka ce cikin ita da yayarta sai dai ɗaya ta ci gaba, yayar ta ce a bar ƙaramar. Ta tambayi maigida ko ita ce cutar da yake nema. Ya ce alamun sun yi kama, amma ba zai rantse ba tunda ba a gwada ba. Ta ce, “Ko ita ce ko ba ita ba, ƙanena, ka yi sauri.”

Na yi ta juya maganar a raina. Ni dai a wurina alade ƙazanta ne kawai da ake kau da kai. Ban taɓa tunanin cewa a wani gidan shi ne akuyar da ake sayarwa a sayi littafi ba, kamar yadda Inna take yi da nata awakin.

Da safiyar Asabar, ranar taron, na taɓa yaron na ji jikinsa da ɗumi, hanci na yoyo. Na ƙyasta yatsu a bayan kunnensa na dama, bai waiwayo ba. Na ƙyasta a na hagu, ko gezau. Na kira shi, shiru, yana ta tauna cokalin roba. 'Yan'uwa, sai na ƙwalla ƙara. Motar aladun nan ce ta faɗo min a rai, sai Inna zaune a ƙasa.

Anti ta shigo da gudu jin muryata. Ba ta ce min in kwantar da hankali ba, aiki kawai ta shiga yi. Ta auna zafinsa, ta lanƙwasa wuyansa gaba a hankali ya tafi laƙwas, ta tuɓe shi ta duba fatarsa kaf har tafin ƙafa, ta taɓa maɗigarsa, ta kai shi bakin taga ta ga haske bai dame shi ba. Sannan ta wanke hannu ta sa yatsa a bakinsa, ta kamo nawa ta ɗora a dasashinsa. Na ji wani abu mai kaifi. Ta ce, “Haƙori ne da mura. In kin ga wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ƙuraje sun fito, ba ma jiran kowa, asibiti za mu. Yanzu dai babu ko ɗaya.” Na ce to me ya sa bai waiwayo ba? Ta ce, “Ke in ana huda miki dasashi za ki kula mai ƙyasta yatsa?”

Na ji ta, amma zuciyata ba ta ji ba. A raina na gama yanke hukunci, ranar Litinin sai neman tikiti. Maigida ya ce zai fasa zuwa taron ya zauna da mu. Na ce a'a, ya tafi, mun yi alkawari zan gani da idona, zan cika. Na goya yaron da zani, na ɗora jaket a kai, Anti ta ce ƙafarta ƙafata.

Uni ɗin can gari ce guda. Jajayen gine-gine, ciyawa kamar an yi mata aski, da wata doguwar hasumiya mai agogo da sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame. A zauren taron an jera tebura, iyaye sun zo da 'ya'yansu, yara ƙanana sanye da fararen riguna da tabarau suna ɗiga ruwa mai launi a kwalabe. Abin da ya ba ni sha'awa, manyan malamai masu furfura suna durƙusawa daidai tsayin yaro suna amsa masa tambaya, ba tsawa, ba “tafi can”.

Da aka kira maigida ya hau, na ga koɗaɗɗiyar shuɗiyar rigar nan a jikinsa a gaban jama'a, na sunkuyar da kai. Ya ajiye ragar albasa, da almakashi, da kwano biyu. Anti ta matso tana fassara min a kunne.

Ya ce jikin dabba da na mutum yana da dakaru a cikin jini. In ƙwayar cuta ta shigo, wasu dakarun sukan watsa mata raga, kamar masunta, ta maƙale har a zo a kashe ta. Ya kira wata yarinya ta sa hannu cikin ragar albasar, ta yi ta ja ta kasa fita. Ya ce to wannan ƙwayar ta aladu ɓarauniya ce mai yawo da almakashi. Ya datse ragar, hannun yarinyar ya fito, yara suka sa ihu. Ya ce almakashin nan sunansa enzayim. Ba abu ne mai rai ba, ba ya haihuwa, ba ya yaɗuwa, yanka kawai ya iya. Sai ya ɗaga kwanukan. Ɗaya nama ne kamar yadda mahauci ya yanko, ɗayan wanda ya kwana da gwanda, ya taɓa shi da cokali ya wargaje. Ya ce babu wuƙar da ta taɓa wannan, enzayim ɗin da ke cikin ƙaron gwanda ne ya tsinka shi. Ya ce jiya aka koya masa wannan a wani gida a Sparkhill, kuma bai ci nama ba saboda shi. Mutane suka yi dariya. Anti ta mintsine ni.

Ya ci gaba, ya ce ƙwayar ba almakashi ɗaya gare ta ba. Wani na yanka raga ne. Wani kuma na yanke alamar da jiki ke manna wa baƙo don dakaru su gane shi, shi wannan ma ta alade kaɗai yake iya yankewa. Da waɗannan take samun hanya ta shiga jini, har ta kai ga ƙwaƙwalwa. In aka raba ta da su sai ƙarfinta ya ragu, raga ta riƙe ta. Aikinsa shi ne ya gano yadda bakin almakashin yake, don a san yadda za a dakushe shi, ko a yi rigakafin da zai sa jikin ɗan alade ya san shi tun kafin ɓarauniyar ta zo. Ya zaro wata 'yar kwalba ƙarama kamar kan biro, da ɗigon ruwa fari tas a ciki, ya ce ga abin da yake wuni da shi.

Ni dai na saki baki. Mutumin da nake ganin bai iya bayani ba, ga shi yana magana yara da tsofaffi sun yi tsit. Kuma karo na farko na gane kowace gaɓa.

Da aka ce a yi tambaya, na ja hannun Anti na ce ta tambayar min. Ta ce in tashi da kaina, na ce ko kusa. Ta miƙe ta ce 'yar'uwarta tana tambaya, mai wannan aikin zai iya ɗauko cutar a rigarsa ya kai wa jaririnsa a gida? Maigida ya kallo inda muke. Sai ya miƙa abin maganar ga malamarsa, wata tsohuwar Baturiya mai gajeren farin gashi da takalmin gudu.

Matar nan ba ta raina tambayar ba. Ta ce cutar gaskiya ce kuma tana kama mutane, galibi masu yanka aladu ko masu taɓa ɗanyen namansu da rauni a hannu, ko masu cinsa bai dahu ba, kuma ba a san ta da tashi daga mutum zuwa mutum ba. Ta ce shi kuwa wannan ɗalibin nata, a ɗakin da yake aiki babu ƙwayar mai rai ko ɗaya. Wata ƙwaya ta daban marar cutarwa suke sa wa ta ƙera musu almakashin, su tace shi, shi kaɗai yake taɓawa. Masu rai ɗin suna wani gini a kulle, a hannun wasu mutane, ko katin shiga wurin ba shi da shi. Ta ce almakashin ne a hannunsa, ɓarauniyar ba ta taɓa shiga ɗakinsa ba, alade kuwa ba ta jin ya taɓa ko shafa ɗaya. Sannan ta dubi wajenmu ta ce uwar da ta yi wannan tambayar ta yi daidai.

Maganar cikin bas ta dawo min. Ashe ba ba'a yake yi ba.

Sai zauren ya ɗauki tafi gaba ɗaya, raf-raf-raf. Yaron da ke barci a bayana ya zabura kamar an tsikare shi, ya callara ƙara, yana juya kai dama da hagu yana neman inda ƙarar take. Mutanen kusa suka waiwayo suna tausaya min. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba. Tunda na haife shi ban taɓa jin daɗin kukansa irin na ranar ba. Anti ta ce, “To, kurman naki ya tashi unguwa.”

Bayan an watse malamar ta yafito ni wurin wani madubin ƙara girma, ta ce in leƙa in ga ƙwayar, matacciya ce an rina ta. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Wasu 'yan ƙwallaye ne ruwan shuni-shuni, bibbiyu, wasu a jere kamar carbi ya tsinke. Abin da ya hana ni barci ke nan, abin da ya fitar da yayar Anti daga makaranta, in ita ce. Ƙanƙanuwa haka, amma Allah ya ba ta almakashinta, ya ba jiki ragarsa, ya kuma ba wasu bayinsa haƙurin zama shekara da shekaru suna duba bakin almakashin. Na ce tsarki ya tabbata ga Mai halitta.

Maigida ya sauko ya nufo mu. Yaron ya gan shi ya miƙa hannu yana ta zillo. Shi kuwa sai ya tsaya taku ɗaya daga gare mu, ya mai da hannayensa baya, kamar yadda ya saba a bakin ƙofa. Wannan tsayuwar ta fi komai taɓa ni a duk tafiyar. Na kwance goyon na ce, “Malam, karɓe shi mana.”

Ya ce, “Ban yi wanka ba fa.”

Na ce, “Wanke hannu dai, ka taɓa ɗanyen nama.”

Da sauri ya tafi, har yana tuntuɓe da kujera. Ya dawo hannu a jiƙe ya ɗauki ɗansa, yaron ya damƙi koɗaɗɗiyar rigar ya cusa kwalarta a baki yana sosa dasashi. Na bar shi.

Ranar Lahadi bayan masu gida sun dawo daga coci suka raka mu tasha. Anti ta cusa min ledar mangwaro da sauran gwandar, ta ce in riƙa sa kaɗan, ba gaba ɗaya ba. A hanya zafin jikin yaron ya sauka, ya yi barci a ƙirjin ubansa tun daga gadojin taliya har muka shigo Manchester. Tumaki suna nan inda muka bar su. Ruwa ma yana nan.

Na kira Inna na yi mata bayanin raga da almakashi da gwanda. Ta ce, “Gwanda kuma? Ke dai an shanye ki da boko.” Ba ta gamsu duka ba, kuma ban ga laifinta ba, ita ta zauna a ƙasa ranar nan ba ni ba. Na ce mata za mu zo, amma mu uku, in ya samu hutu. Ƙyasta yatsu kuwa ban daina ba, kada in yi muku ƙarya. Na ma kai shi wurin GP, likitan unguwarmu, an duba kunnen, lafiya lau.

Abin da tafiyar nan ta koya min, tsoro ba laifi ba ne ga uwa, amma in ka bar shi a ɗaki shi kaɗai ƙiba yake yi. Gara ka goya shi ka kai shi inda zai ga abin da yake tsoro. Na kuma gane cewa ilimin da ake nema a kan dabbar da ba ma ci, wani gidan da shi za a tura yarinya makaranta. Na ga kirkin mutanen da ba addininmu ɗaya ba, na ga haƙurin mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban san girman aikinsa ba.

Ranar Litinin da yamma na ji kukan matattakala, na san shi ne. Ya buɗe ƙofa ya tsaya a inda ya saba, ya fara ɓalle maɓallin riga, yana dube-dube a ƙasa. Ya ce, “Ina bokitin?”

Na ce yana kicin, na zuba albasa a ciki.

Kafin ya ce wani abu yaron ya riga ya rarrafo ya kama ƙafar wandonsa.